Mangwaron da Iya Gaje Ta Matsar Taku Uku

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba, kowa a unguwarmu ya san haka. Na yi kabu-kabu a Damagaram, na yi dako a Kano, na je haƙar zinariya can bayan Agadas. In aka tambayi Inna, mahaifiyata, ina Mutari, sai ta ce, "Yana inda ƙafarsa ta kai shi." Mutane na cewa rashin ji ne ya fitar da ni daga lakwal, makarantar boko, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Amma abin da ya kore ni daga gida yana nan tsaye a tsakar gidanmu a Matameye, awaki na kwance a inuwarsa. Bishiyar mangwaro ce. Shekara tara na yi ina yawo da tunanin cewa da ita na kashe kakata.

Iya Gaje ita ta haifi Inna. A gidanta muka tashi ni da ƙanwata Salmu, don babanmu ya rasu muna ƙanana. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, in ta juya maka baya sai ka ɗauka yarinya ce. Gidan ba wani girma ne da shi ba, amma ba ka samun inda za ka jefa takalmi bai faɗa kan wata shuka ba. Da damina kuɓewa da yakuwa da rama a gindin danga, kabewa ta haye rufin ɗakin girki. In sanyi ya shigo sai ta ja ƴan komayen shuka guda huɗu kusa da randa, ta sa salati da tumatir da albasa, wata shekara har da shu, wato kabeji. Zogale kuwa yana nan kullum, da lemun tsami ɗaya, da gwaiba, da gwanda biyu masu tsayi kamar ba su da aikin yi. Ruwa ba ya zubewa banza a gidan. Alwala a gindin lemo ake yin ta. Ruwan wankin gero na zogale ne. Tulun da ya tsage ba a yar da shi, binne shi take yi har wuya kusa da shuka, ta cika shi da ruwa ta rufe da sakaina, ya yi ta tsatsafowa a hankali kwana biyu ko uku.

Maƙwabta kan ce mata, "Iya ki huta mana, jikoki gare ki." Sai ta ce, "Ranar da ban duƙa ba, ranar ce gwiwata ke tuna ni." Gaskiya kuma ban taɓa ganin ta kwance da rana ba. Sa'o'inta duk sun koma sanda, ita tana ɗaukar arozuwa, gwangwanin ban ruwa, cike da ruwa da hannu ɗaya.

Ni "Maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Maigida, ka dawo daga lakwal hannu rabbana? Ko goro ba ka riƙo wa matarka ba? Wallahi zan kai ƙarar ka." Ni kuma in ce na sake ta, ta tsufa. Ta ce ai ta fi ni haƙora.

Tatsuniya da sanyi take yin ta. Da an idar da isha'i an ci tuwo, sai ta jawo kaskon wuta bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗora kututture ɗaya, ta tura dankali cikin toka. Mu taru, ni da Salmu da yaran maƙwabta huɗu ko biyar, kowa da guntun raken da Kawu Ilu, yayan Inna, ke aiko mana daga garka, lambunsa na Dungu. Ba ta farawa sai ta ga baki ya daina motsi. Sannan ta bugi gefen kaskon da tsinke ta ce, "Baƙuwa ce a ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata." Sai ta fara.

Yawancinsu na dariya ne, na manta rabinsu. Wadda ban manta ba, ina ɗan shekara tara ta yi ta.

Ta ce wai akwai wani gari da babu itacen marmari ko ɗaya. Gero suke ci, gero suke sha. Sai dundumi ya kama yaran garin. Da rana idonsu garau, da rana ta faɗi sai su makance, su yi ta karo da turmi suna taka kaji, uwa na tsaye gabansu suna kiran sunanta. Akwai wani saurayi a garin mai ƙanwa ɗaya, ya ga abin ya ishe shi, ya ɗauki gorarsa ya tafi neman magani. Ya yi ta tafiya har ya iske wani kwari mai sanyi, da wata tsohuwa zaune a gindin wata bishiya mai ƴaƴa ja-ja. Bishiyar na da inuwa, gorar saurayin na da inuwa, tsohuwar ce kaɗai ba ta da ita.

Nan Iya ta rage murya. Ta ce tsohuwar ta miƙa masa ɗa ɗaya ya sha, ta ce masa, "Tafi da ƙwallon ka shuka, yaranku za su gani. Amma ka sani, wannan bishiya tana gane hannun da ya sa ta a ƙasa. Duk shekara in ta yi sabon ganye, za ta aiko saiwa ɗaya siririya ta ƙarƙashin ƙasa, ta shigo ɗakinka, ta auna wuyanka. Shekarar da kaurinta ya kai kaurin wuyanka za ta yi fure. Kai kuma ka tafi."

Saurayi ya yi dariya, ya koma gida ya shuka. Shekara na zagayowa ya tashi da safe, ya ji wuyansa da sanyi. Ya shafa, sai ga zanen jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zagaye wuyan kamar an ɗaura masa zare.

Daidai nan Iya ta miƙo hannu ta ja yatsarta mai sanyi a wuyan wanda ya fi kusa da ita. Ni ne. Yara suka yi ihu suna dariya. Ni ban yi ba.

Ta ce haka aka yi ta yi, shekara bayan shekara, bai faɗa wa kowa ba. A ta bakwai bishiya ta yi fure, ƙamshi ya cika gari, da safe aka iske shi ya cika. Da ƴaƴan suka nuna yaran garin suka sha, idonsu ya buɗe. Ƙanwarsa ta fito bayan magariba, ta ga taurari karon farko a rayuwarta, ta juya tana cewa, "Ina yayana? Ku kira shi ya zo ya gani." Tun daga ranar tsofaffin garin suka taru suka yanke magana, yaro ba ya sa ƙwallon mangwaro a ƙasa. Su da suka riga suka ci rabonsu, su za su riƙa shukawa.

Ta bugi kasko ta ce, "Baƙuwa ta tashi, kowa ya kama gabansa." Ta tono dankali ta raba mana. Nawa a aljihu ya kwana.

Abin da babu wanda ya sani a wurin shi ne, ni na riga na shuka. Da bazarar da ta wuce Kawu Ilu ya kawo wani mangwaro mai daɗi, na tsotse shi har ƙwallon ya yi fari, na ji ba zan iya yar da shi ba. Na tura shi cikin ƙasa bayan ɗakin Iya, a gindin katanga, inda ruwan wanka ke bi. Na kifa masa tsohon kwando don awaki. Da damina ta zauna ya fito, ganyensa ja mai laushi kamar hanta. Kullum sai na je na ɗaga kwandon na duba. Nufina sai ta girma in nuna wa Iya, ta ga Maigida ma ya iya.

Washegari da na farka wuyana na fara shafawa. Babu ƙasa. Na je bayan ɗaki, ga ta nan, kaurinta bai wuce na tsinken tsintsiya ba, ta ƙara ganye biyu. Na tsaya ina kallon ta, na rantse ita ma kallona take yi.

Me ya sa ban tuge ta ba? Tsoro. Na ga kamar in na taɓa ta da hannun da ta sani, saiwar za ta kama ni. Sai na ce bari in kashe ta daga nesa. Na toshe makwararar da ƙasa don kar ruwa ya kai mata, Inna ta yi faɗa ta buɗe. Na cire kwandon don awaki su cinye ta, suka shinshina suka wuce. A lakwal mushe, malaminmu, yana rubutu a allo, ni ina auna wuyana da yatsu. Kwana biyar ina haka. A na shida, da hantsi, Inna ta tafi niƙa, na tafasa ruwa a buta na zuba kanwa a ciki, na lallaɓa bayan ɗaki.

"Maigida, katanga za ka ba wa shayi?"

Iya ce tsaye bayana da hauya a kafaɗa. Butar ta kusa faɗuwa. Ta leƙa ta ga shukar, ta dubi butar, ta dube ni. Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce ni na shuka, tun bazara, ban sani ba, wallahi ban san tana auna wuya ba, ni ba na son in mutu.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta karɓi butar ta ajiye nesa. Ta durƙusa ta shafa ganyen da bayan yatsa ta ce, "Kai, amma ta yi kyau. Na Ilu ne, ko? Mai ɗan tsawon nan?" Na ɗaga kai. Ta ce, "To share hancinka, ka tsaya nan ka gani da idonka."

Ta haƙa kewaye da ita da faɗi, a hankali, don kar ta yanke saiwa. Ta cicciɓo ta da ƙasarta duka a tafin hannu biyu, kamar mai ɗaukar jinjiri. Ta juya wa katanga baya ta ƙirga, "Ɗaya. Biyu. Uku." Nan ta sa ni na yi rami, amma ta ce kar in taɓa shukar. Ta zuba takin awaki, ta yi bismilla, ta sa ta, ta mayar da ƙasa ta danne da diddige. Ta kawo tsagaggen tulu ta binne a gefe. Sannan ta kakkaɓe hannu a gaban fuskata.

"Ka gani? Hannunka ya fita. Nawa ta sani yanzu."

Ka san abin da ya fi damuna har yau? Daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na ruga waje na yi ƙwallo har yamma, na ci tuwo malmala biyu. Sai da muka zauna gaban kasko, wuta ta haska ta, na dubi wuyanta. Wuyan Iya bai fi hannun taɓarya ba. Nawa ma na yaro ya kusa kai shi. Sai na gane abin da na yi. Na rage wa bishiyar tafiya.

Tana da wani dutsen wuya, ƴan jajayen duwatsu a zare, ya kama wuyanta cif. In za ta yi wanka takan rataye shi a ƙusa. Na fara ɗaukar shi a ɓoye ina zagaya gindin bishiyar da shi. Shekarar farko ya zagaye ta ban san sau nawa ba. Ta uku, sau uku. Ta biyar, sau ɗaya da rabi. Ita kuma Iya kamar da gayya, duk cikin shukokinta wannan ta fi ji da ita. Ta yi mata shinge da ƙaya. Ta barbaɗa mata toka don gara. Da bazara, lokacin da ruwa ke wuya, ta gwammace salati ya ƙone da tulun nan ya bushe. Kuma ni take aike. "Maigida, ɗauko arozuwa, amaryarmu na jin ƙishi." Sai in ɗebo in zubar da rabi a hanya, in ce ai na cika. Ta leƙa tulun ta ce, "Hannunka na yoyo ne?" Ta je ta ƙaro da kanta.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? Malam zai ce camfi ne, haramun. Abokai za su yi mini dariya. Ni ma da na shiga kwalej na san saiwa ba ta shiga ɗaki ta auna mutum, har zana mana ita aka yi a allo da sunayenta na Faransanci. Da rana na sani. Amma duk sanda na ga dutsen nan a ƙusa sai na ɗauka.

A shekara ta bakwai, da sanyi, na zagaya shi bakinsa ya ƙi haɗuwa. Na ja har zaren ya kusa tsinkewa. Sati biyu bayan nan na tashi da safe gidan duk ya ɗauki wani ƙamshi mai nauyi, ƙudan zuma na ta kuka a sama. Ta yi fure. Iya ta tsaya ƙarƙashinta tana tafi kamar yarinya, tana cewa, "Salmu, zo ki ga amarya ta yi lalle!" Kwana goma sha ɗaya bayan haka tari ya kama ta. Kwana uku ta yi a kwance. Ranar ƙarshe ta ce da ni, "Maigida, an cika tulun?" Na ce an cika. Ƙarya nake yi.

Da bazara ƴaƴan suka nuna. Salmu da yaran unguwa na sha, ruwan na bin gwiwar hannunsu. Ƴan gaisuwa na cewa Allah ya kai ladan kabarinta. Ni ko ƙamshin na ji sai in fice daga gidan. Kafin damina ta sauka na bar littattafaina a ƙarƙashin gado na hau mota. Ina aji biyu a kwalej.

Ba zan ba da labarin yawon ba, ba shi da daɗi. Nakan leƙo gida da salla in kwana biyu, in zauna a zaure, in koma. Abin da ya dawo da ni gaba ɗaya shi ne wajen zinariya. Can ba ganye, ba komai mai ɗanye. Makaroni da mai, shinkafa da mai, sardin in an samu. Wata goma sha huɗu ina haka. Dasashina ya fara jini, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Sai wata rana bayan magariba na fito daga rami, na ji muryoyin abokan aiki kusa da ni, na ga hasken wutar shayi can, amma ban ga mutum ko ɗaya ba. Na ɗauka hayaƙi ne. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Wani ɗan Tsauni da muke rami ɗaya shi ke riƙe hannuna ya kai ni in yi alwala. Shi ya fara faɗin sunan abin. Ya ce, "Kai, dundumi ne fa." Na ce shi ke nan, tatsuniyar ta biyo ni har nan.

A bayan kamiyo, babbar motar kaya, na dawo, cikin zafin bazara. Inna ta kai ni gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ja fatar idona ya duba bakina, ya ba ni wasu ƴan jajayen ƙwayoyi. Ya ce, "Kai ɗan Matameye ne kuwa? Gidanku ba zogale? Ba mangwaro? Ga shi lokacinsa ne, har ruɓewa yake a ƙasa. Je ka ci ganye, ka sha lemo, ka sha duk abin da cikinsa ke ja ko rawaya. Ciwonka yunwa ce, ko da cikinka a cike yake."

Inna ta dage. Kwaɗon zogale da safe, miyar yakuwa da rana, lemun tsami a cikin kunu. Duk na ci. Amma in ta ajiye mangwaro sai in ture kwanon. Kwana uku tana kallona. Rana ta huɗu da la'asar ta zauna kusa da ni a zaure, ta ajiye kwanon tsakaninmu ta ce, "Mutari, ni na haife ka. Kai da kake tsotse ƙwallo har ya yi fari. Me bishiyar nan ta yi maka?"

Na faɗa mata. Duka. Butar kanwa, taku uku, dutsen wuya, tulun da na ce na cika. Ina magana ina kallon ƙasa.

Sai na ji tana dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki. Ta ce, "Wayyo Allah, Iya! Tatsuniyar katanga ce ta cinye maka shekara tara?" Na ce wace katanga. Ta ce, "Kai, duk yaron da ya sha mangwaro gindin katanga yake zuwa ya tura ƙwallon, don nan ne da laima, nan ne ba a gani. Shekara biyar saiwa ta tsaga ginin, damina ɗaya katanga ta zube. Sau biyu ta zube mana muna yara, Ilu ne ya jawo. Shi ya sa duk sanyi sai ta yi wa yara wannan tatsuniyar. Ita ma kakarta ce ta yi mata. Matsar da ita ta yi daga katanga, sakarai! Manyan mangwarorin da ke garkar Ilu, waɗanda mutum biyu ba sa rungumewa, wa ka ɗauka ya shuka su? Ita ce, tana goye da ni."

Na zauna kamar an zuba mini ruwan randa. Ban san ko dariya zan yi ko me ba.

Sai dariyar Inna ta tsaya. Ta shiga murza bakin zanenta. Ta ce, "Ranar da na tafi niƙa, ka ce?" Na ce e. Ta ce, "Ranar ce da yamma ta aike ni kasuwa in yanko mata farin yadi. Na ce Iya lafiya? Ta ce ajiya ce kawai, in sa mata a ƙasan akwati. Da shi aka yi mata sutura." Ta dube ni da sauri ta ce, "Tsofaffi duk suna yin haka fa. Ba wani abu ba ne." Amma ba ta sake dariya ba. Ta tashi ta shiga ciki, ta bar mini kwanon.

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ɗauki ɗaya na gatsa. Jinin dasashina ya fito a kan rawayan. Na shanye shi, na ɗauki na biyu.

Kafin sati uku idona ya dawo. Ƙafata ta fara ƙaiƙayin tafiya kamar kullum, sai Kawu Ilu ya zo ya ce bayansa ya gaza, ƴaƴansa duk sun tafi birni, in zo in kama masa ko na wata ɗaya ne. Yau shekara biyu ke nan. Da sanyi albasa da tumatir da karoti, da rake a can ƙasan kwari. Da bazara ban ruwa tun asuba da tsinkar mangwaro. Da damina kuɓewa da gyaran shinge. Hannuna ya yi kanta, cikina ya daina ciwon da yake yi, ina barci kamar an buge ni. Wani abin mamaki, in na wuni a duƙe ina cire ciyawa, wannan abin da ke cewa tashi ka tafi yakan yi shiru. Ba ya mutuwa, shiru dai yake yi.

Maganar Iya kuwa har yau ban gama da ita ba. Wata rana in ce Inna ta yi gaskiya, katanga ce kawai, tsohuwa ta ga jikanta na kuka ta lallashe shi da abin da zai yarda da shi, yadin kuma dacewa ce. Wata rana kuma in ce a'a. Ita ma a gaban kasko aka yi mata tatsuniyar nan tana yarinya, an ja mata yatsa a wuya. Na san yadda abin yake zama a jikin mutum, ko ya girma, ko ya sani. Wata ƙila ta ga cewa wadda ka shuka da kanka daban, wadda ka karɓa daga hannun wani daban. In haka ne, to ta ji tsoro, ta durƙusa da tsoron, ta ɗauka, ta kuma yi shekara bakwai tana ba ta ruwa fiye da kowace shuka a gidan. Ni da na ji tsoro ruwan zafi na tafasa. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma wadda za ta faɗa mini ba ta nan. Abin da na sani kawai, kowanne ne, don in sha ta dasa ta, ni kuwa na je na makance a cikin rami.

Bana, da ruwan farko ya sauka, muna da ƴan dashen mangwaro goma sha biyu a leda, waɗanda na rena da kaina. Na haƙa ramukan tun da safe, na zuba taki. Na ɗauki na farko na yage ledar, sai na tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Kawu Ilu na zaune kan kututture yana kallona, ashe Inna ta ba shi labari. Ya taso da ƙyar yana dafe da baya, ya miƙo hannu biyu. Ba wasa a fuskarsa.

"Kawo nan, ɗana. Ni na tsufa, bari in sa maka."

Na dubi hannunsa, na dubi nawa. Ƙasar na zuba ta tsakanin yatsuna.

Na ce, "A'a, Kawu. Koma ka zauna."

Na yi bismilla na sa ta a ramin.